Man Giya a Kan Lalle

"Bahijja motar ta ƙi tafiya. Muna bakin lungunku. Baffa ya fara faɗa."

Tes ɗin Nazeer ke nan. Ya shigo mini ina tsaye a gaban madubi, ɗan kunne ɗaya a kunne, ɗaya a hannu. Sau uku na karanta ban gane ba. Wace motar? Wai jif ɗin da aka gama aikinta shekaranjiya? Ban gama tambayar kaina ba na jiyo ta da kunnena daga can bakin titi: inji yana ta kururuwa, wuuu, wuuu, amma babu alamar taya ta motsa. Duk wanda ya tashi a gidan bakanike ya san wannan kukan. Inji ne yake juyawa, giya kuwa ta saki.

Ɗan kunnen ya suɓuce mini ya gangara ƙarƙashin gado.

"Ke tsaya mini wuri ɗaya mana!" in ji Goggo 'Yardada, yayar Babanmu, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ɗaurin ɗankwali take kafa mini, fil a bakinta. "Mutane suna ƙofa kina ta rawar jiki. Ai ba ganinki ma za su yi ba, amma dai mace ta zauna da shirinta."

"Goggo, kin ji motar can?"

"Na ji 'yan acaɓa suna ta hon. Me ya shafe ki?"

Abin da ya shafe ni, ku da kuke karanta wannan, abu ne da ban taɓa buɗe baki na gaya wa kowa ba. Ku tsaya in ɗan koma da ku baya, don ku gane halin da na shiga a ranar Lahadin da magabatan Nazeer suka zo neman aurena.

Sunana Bahijja. Mahaifina shi ne Malam Gwadabe mai giya, wanda duk Ƙofar Ruwa ta san shi. A lokacin shekara huɗu ke nan da sojoji suka koma bariki, zaɓe ya sake ƙaratowa, fastocin 'yan takara sun rufe duk bangon da ke Dukawuya har da na banɗakin masallaci. Kowane ɗan siyasa ya sayi jif otomatik don shiga ƙauye, masu iya gyaran giyarta kuwa a garin nan ba su cika hannu ɗaya ba. Baba ne na gabansu. Sai dai shekara biyu ke nan yanar ido take rufe masa gani a hankali. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma ƙananan ƙarafan cikin giyabos sun zama masa hazo. Ba shi da ɗa namiji. Ni ce tun ina 'yar shekara bakwai nake zama gefensa a soro ina ware masa washa da noti, har na san sunan kowane ƙarfe kafin in iya tuƙa tuwo.

Shi ya sa da idon ya gaza, sai aikin ya juyo gida. Baba da ƙanensa, Baba Nata'ala, su sauke giyabos a gareji, a turo ta a kura da yamma, a rufe ƙofar soro, ni in kwance in ɗaure. Da safe a mayar, mai mota ya yi ta sa wa Malam Gwadabe albarka. Mu huɗu muka san wannan: ni, Baba, Baba Nata'ala, sai Goggo da take tsine wa abin kullum.

"Ranar da aka ji," ta sha gaya mini, "ubanki ya rasa masu kawo masa aiki, ke kuma ki rasa miji. Wane gida ne za su ɗauki mace mai warin baƙin mai?"

Nazeer ma bai sani ba. Wata tara yana zuwa zance a soron nan, kafin ya iso in lulluɓe ƙarafa da buhu da tabarma, in cika wurin da turaren wuta, in cusa hannuwana cikin mayafi. Ya taɓa cewa kunyata ce ta fi burge shi, wai ko yatsana bai taɓa gani sosai ba. Na sunkuyar da kai kawai. Shi ya saya mini wannan 'yar wayar mai shuɗiyar fitila, lokacin da a duk lungunmu mutum biyu ne suke da salula.

Mako biyu kafin ranar, ya zo wajen Baba da magana a kan jif ɗin da yake yawo da ita, wadda ya ce ta Baffansa ce, Alhaji Mikail. Wai in ta shiga yashi sai ta yi ta ihu kafin ta ja, giyar ta ɗau zafi, har ta taɓa barin su a wani rafi. An ce masa a canza konbata. Ga waɗanda ba su sani ba, konbata wani dunƙulallen ƙarfe ne kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya an liƙe, cike da jan mai, yana zaune tsakanin inji da giyabos. Shi yake karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta hanyar juya man nan.

Suna soro, ni ina bayan asabari. Tsarinmu da Baba shi ne tari ɗaya e, tari biyu a'a.

"Baba, a kasuwa an nuna mini wani," in ji Nazeer. "Sun ce irin na masu tsere ne, kana taka totur sai ka ji mota tana gurnani kamar zaki. Shi za a saka ko?"

Na yi tari biyu.

"A'a," in ji Baba. "Wannan na samarin kwalta ne. Shi yana barin inji ya yi ta gudu kafin ya kama. A yashi zai dafa maka mai ne kawai. Kai wanda yake kamawa da wuri kake so, tun inji yana ƙasa ƙasa."

"To shi kaɗai ya isa?"

Tari biyu.

Baba ya ɗan laluba a ransa. "A ƙara mata... ɗan lagireton sanyaya man giya?"

Tari ɗaya.

Washegari Nazeer ya aiko mini da kwalbar maganin tari da zuma, da tes: "Ki daina shan ruwan sanyi don Allah." Na yi dariya har na yi hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen ya ci gaba.

Konbata uku Baba Nata'ala ya ɗauko mini daga Ƙofar Ruwa in zaɓa. Na ƙirga haƙoran kowanne, na duba lambar da aka buga a jikinsa, na girgiza na kara a kunne. Na ɗauki wanda babu ko ƙaras a cikinsa. Ranar Laraba na cika shi da sabon jan mai, na ajiye shi a kusurwar soro ya kwana biyu yana sha, domin ba a saka shi a bushe. Da hannuna na yi. Ku riƙe wannan, da hannuna.

Ranar Alhamis Goggo ta kama ni. Ta ce kafin baƙi su zo sai ta ga bayan baƙin da ke ƙarƙashin farcena. Ta kwaɓa lalle, ta cusa mini hannu a zunguru, ƙafa a leda, ta ja ƙofar ɗaki ta sa sakata ta waje. Aka cire da azahar ta duba ta ce bai kama ba, ta maimaita. Ranar Juma'a da safe ta taga kawai na jiyo su Baba suna fita da kayan.

"Baba!" na ƙwala. "Sai kun ji konbatan ya faɗa mazauninsa sau uku kafin ku ɗaure!"

"Ji 'yar nema," ya ce yana dariya. "Ni za ki koya wa?"

Suka saka. Nazeer ya karɓi mota da yamma, ya turo mini tes cewa tana tafiya kamar a kan ruwa. Ranar Asabar ma lafiya. To yau kuma me ya faru?

Na zaro wayar na rubuta: "Tana shiga giya?"

Na goge. Wace yarinya ce take tambayar saurayi haka? Na rubuta: "Subhanallahi. Allah ya sawwaƙe." Na tura, na ji kamar in mari kaina.

A al'ada ango ba ya shiga wajen neman aure, shi ya sa Nazeer tuƙo su kawai ya yi, zai jira a mota. Uban yarinya ma ba ya zama, Baba Nata'ala ne ya shimfiɗa darduma a soro yana jiransu. Amma da hayaniya ta yi yawa sai na ga Baba ya fito daga ɗakinsa, ya zura takalmi, yana shafa bango har ya fita, Baba Nata'ala ya mara masa baya. Na bi su da ido ta tsakar gida.

Lungunmu ba shi da tsawo, in an ɗaga murya a bakin titi muna ji daga bayan ƙofa. Na lallaɓa soro da leshina ruwan zuma da ɗan kunne ɗaya, na kafa kunne.

"Malam Gwadabe, haka za mu yi da kai?" Murya ce mai kauri, ta mutumin da ya saba a yi shiru in yana magana. Alhaji Mikail ke nan. "Yaron nan ya yi ta yabonka, ya ce babu kamarka. Kwana biyu kacal! Ga shi mun tare wa jama'a hanya, da manyan riguna, kamar waɗanda suka zo talla."

"Alhaji, a yi haƙuri. Bari in duba."

"Ka duba me? Shi ya ce mini ranar da za ku saka ya ga abin yana ta ƙyalli kamar sabo. Ashe tsohon kaya kuka wanke kuka liƙa mana."

Ƙyalli? Na yamutsa fuska. Konbatan da na zaɓa baƙi ne, da tsatsa tsatsa a gefe kamar kowane kayan Beljiyam. Ina ya samo ƙyalli? Ko Baba Nata'ala ya musanya da wani a kasuwa? Ko na masu tseren Nazeer ya je ya sayo a ɓoye? Amma ko shi ne ai zai tafi, zafi kawai zai yi. Ko bai faɗa sau ukun ba, suka ɗaure da ƙarfi fanfon man giya ya tsage? In haka ne tun Juma'a ba za ta motsa daga gareji ba. Kaina ya yi ta juyawa, kowace amsa na kamo sai ta kuɓuce.

Ƙofa ta buɗe, Baba Nata'ala ya faɗo yana haki, babbar rigarsa a saɓe.

"Yaya ya ce in ɗauko masa tabarau," ya faɗa da ƙarfi don na waje su ji. Sannan ya rage murya ya miƙo mini farin hankicin Baba. "Gejin man giya ya goge da shi. Ya ce ki duba. Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba."

Na buɗe. Man giya mai lafiya ja ne garau kamar zoɓo. Wanda ya ƙone baƙi ne. Wannan kuwa ruwan hoda ne, mai kauri, da kumfa, kamar an zuba madara a zoɓon. Na murza a yatsa, na ji garas garas kamar yashi.

"Ruwa ne," na ce. "Ruwa ya shiga giyar. Da ƙasa."

"Daga ina? Damina ake yi?"

"Ko lagireto ya fashe ta ciki?"

"Mun raba shi da lagireto, ke kika ce a saka mata nata daban."

Gaskiya ne. To ta ina? Mota ba ta ga rafi ba, ba a kai ta wanki ba tun Juma'a, man kuma ni na fasa jarkarsa. Na tsaya da hankici a hannu kamar wadda aka buga wa taɓarya a ka.

"Wai me kuke ta ƙus ƙus?" Goggo ce a bayanmu, da tiren lemo da ta jera wa baƙi.

"Goggo, ruwa ne ya shiga cikin abin da na ajiye a nan ranar Laraba. Ban san yadda aka yi ba."

"Wane abu? Tukunyar ƙarfen nan?" Ta taɓe baki. "Ai ni na wanke ta."

Ni da Baba Nata'ala muka juyo tare.

"Kika me?"

"Na wanke ta mana. Surukai za su zauna a soron nan, ga abu baƙi ƙirin a kusurwa yana tsiyayar mai kamar an yanka rago. Ranar da kike cikin lalle na tuntsurar da man a kwata, na ɗura mata ruwa da garin sabulu da toka ta bakin, na girgiza, na goge bayan da yashi da soson ƙarfe. Sai da ta yi fes. Na kife ta a rana ta tsane. Ubanki ma da ya ɗaga ya ce ta yi sauƙi, ya ƙara mata mai. Ba a ce mini sannu ba ma."

"Yaya 'Yardada," in ji Baba Nata'ala a hankali, ya dafe kai da hannu biyu, "kin kashe mu."

"Kamar yaya na kashe ku? Tsafta ce laifi?"

 Cikin konbata lungu lungu ne, abin da ya shiga ba ya fita da kifewa. Ruwan nan da tokar nan sun kwana a ciki, inji ya juya su, fanfo ya tura su ko'ina a cikin giyar. Ruwa kuwa yana ɓare faiba, wato faifan da suke kama giya, kamar yadda yake ɓare fasta daga bango. Baba da idonsa da ya ga ƙyallin ya tambaya. Baba Nata'ala ya gani ya ɗauka ni na goge. Ni kuma ina ɗaki da hannu a zunguru.

"Je ka gaya wa Baba a kunne," na ce. "Kar a sake tayar da ita. In an bar ta haka ana iya ceto fanfon da..."

Wuuuuu!

Injin ya sake tashi, wannan karon da ƙarfin da ya fi na ɗazu.

"Taka mata sosai!" muryar Alhaji Mikail. "Ƙila ta kama. Taka, Nazeer!"

Na ji wani siririn kuka ya biyo bayan gurnanin, wiii, kamar ana wasa wuƙa. Fanfon ne yake cin yashi. Minti biyu a haka, giyabos ɗin gaba ɗaya ta zama ta 'yan gwangwan, sunan Baba kuma ya bi ta. In na fita, asirinmu ya tonu a gaban surukai. In na tsaya, Baba ya zama macuci a gabansu. Wallahi ban zaɓa ba. Na dai ji Goggo ta cafko mayafina, na ji ya zame ya bar mata, sai ga ni a lungu ina gudu da takalmi mai tsini.

"Kashe ta! Nazeer, kashe motar nan!"

Ya kashe. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar tsorata ni.

Bakin titi cike yake. 'Yan acaɓa sun yi layi, mai rake ya bar bairo, matan maƙwabta sun leƙo ta katanga. Jif ɗin ta tsaya a karkace, ƙafar gaba a kan gadar kwata. A kujerar baya na hango huhun goro da katan ɗin alawa. Dattawa uku a tsaye cikin shadda, na tsakiyarsu dogo mai jar dara da carbi, shi ne Alhaji Mikail. Baba yana gaban bonet riƙe da gejin mai, ya kusanto da shi har yana taɓa masa hanci. Nazeer ya fito daga mota cikin farin yadi, baki buɗe.

"Wace ce wannan?" in ji Alhaji.

 Na durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Baffa. Don Allah a gafarce ni. Kar a sake tayar da ita. Ruwa ne da toka a cikin konbata, kuskure aka yi a gida, ba tsohon kaya ba ne. Faiba sun riga sun tafi, amma in an tsaya yanzu fanfon zai iya tsira. Sai an sauke giyabos, a wanke layukan mai, a sake wani konbatan. Kwana uku."

Na karɓi gejin daga hannun Baba na goga a bayan hannuna don su gani. Man ya kwanta a kan jan lallen Goggo, ruwan hoda, yana kumfa.

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Kai! Hajiya injiniya!" Aka kwashe da dariya. Alhaji bai yi ba.

"Ke ce yarinyar?"

"Ni ce."

"Wa ya gaya miki duk wannan?"

Na buɗe baki zan ce Baba ne ya aiko ni. Ƙaryar tana kan harshena, a shirye. Sai na ji hannun Baba a kaina.

"Alhaji, babu wanda ya gaya mata." Muryarsa ba ta rawa ko kaɗan. "Shekara biyu ke nan ban ga zaren noti ba. Duk motar da ta fita daga hannuna tun lokacin, daga hannunta ta fita. Ni nake karɓar godiya. Wannan kaɗai ce ba ta duba ba, ga ta nan kuna gani. In akwai wanda ya yi muku ɓoye ɓoye, ni ne, ba ita ba."

Na ji matan kan katanga sun ja numfashi. Na san kafin magariba maganar ta isa Ƙofar Ruwa, kafin isha ta zaga Ƙofar Na'isa ta dawo. Na ɗago in ga fuskar Nazeer. Ba ni yake kallo ba. Hannuna yake kallo, kamar yau ya fara sanin ina da shi.

Dattijon da ke hagun Alhaji, wani mai farin gemu, ya gyara murya. "Ni fa, Alhaji, ban ga abin ƙi ba. Yarinya ta rufa wa ubanta asiri shekara biyu. Irin wannan ai nema ake."

"Malam Salihu, ba a titi ake wannan maganar ba." Alhaji ya ja carbinsa, ƙwaya ɗaya, biyu. Ya kalli Baba, ya kalli ni, ya kalli goron da ke mota. "Mun ji. Za mu koma gida mu yi shawara. A bar kayan nan a inda suke tukuna."

Ku da kuka girma a garin nan kun san abin da "za mu yi shawara" take nufi a bakin manya. Wani lokacin shawarar ce da gaske. Wani lokacin kuma sallama ce da aka naɗe a cikin ladabi. Na rasa wacce ce tawa. Goggo ta iso ta yafa mini mayafi tana kuka ƙasa ƙasa, ban san ko ni take yi wa ba, ko motar, ko kanta.

Wayata ta yi ƙara a cikin hannuna. Nazeer ne, yana tsaye taku biyar daga inda nake, kansa a sunkuye.

"Ki yafe mini."

Ni zan yafe masa? Ni da na ɓoye masa? Ko yafiyar rabuwa yake nema tun yanzu? Ina cikin juya maganar wani tes ya sake shigowa.

"Duk abin da kika ji yanzu ki bari in miki bayani da bakina. Don Allah."

Na ɗago. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Idonsa yana can bayana, wajen da wata tasi ta kutso tsakanin 'yan acaɓa ta tsaya.

Mace ce ta fito, za ta yi shekara hamsin, gajera, kakkaura, da atamfa mai hoton jam'iyya da gilashi mai igiya, waya biyu a hannu ɗaya. Ba ta yi wa kowa sallama ba sai da ta zagaya jif ɗin tsaf, ta leƙa ta ga goro da alawa, ta duba man da ya ɗiga a kan gadar kwata. Na lura Alhaji Mikail, wanda ɗazu muryarsa ta cika unguwa, ya ja da baya ya shige tsakanin dattawan.

"Salamu alaikum," ta ce daga ƙarshe. "Ni ce Hajiya Kande. An bugo mini an ce an ga motata a Dukawuya ta tare hanya, na ce ƙarya ne, motata tana gareji ana gwada sabon konbata. Ashe neman aure ta zo." Ta dubi Alhaji ta saman gilashi. "Bawan Allah, kai ne mai ita yau?"

Alhaji ya mayar da ido kan carbinsa.

Ta juyo kaina. Idonta ya sauka a kan hannuna, ya daɗe a wurin.

"Na ji 'yan acaɓa suna cewa wai wata amarya ce ta gano ciwon. Ke ce? Kwana nawa kika ce?"

"Uku, Hajiya."

"Biyu gare ki. Ranar Laraba da hantsi mata dubu suna jirana a ƙauyen da babu kwalta, kuma da wannan motar zan je. In ba ta tashi ba, ubanki zai yi bayani a inda ba zai so ba."

Sannan ta miƙa hannu wajen Nazeer, tafin a sama, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Direba, ba ni makullina."

Na juya na zuba masa ido, ina jira in ji ya ce ba da shi take ba. Nazeer ɗin da ya ce mini shi ne manajan kamfanin Baffansa.

Sai na ga ya sa hannu a aljihu.